Dutsen Kabarin Tsohon Gwamna

Kawuna ya shekara arba'in yana sassaƙa rubutu a kan duwatsun kabari, a wani shago bayan babban asibiti. Dattijo ne a coci, amma ba a son zama kusa da shi lokacin wa'azi, don yana amsa wa Fasto ƙasa-ƙasa.

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje nakan wuni a shagon, a nan na lura da halinsa. Ba ya ɗaga guduma sai ya ɗebe shekarar haihuwar mamaci daga ta mutuwarsa.

"Talatin da takwas," sai ya ce. "Ungozoma ce fa, rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo. An ce mai adalci zai yi tsawon rai. To, ga tsawon."

Littafi Mai Tsarki nasa yana kan kanta, ƙurar dutse ta mai da bangonsa fari, zare kala biyu na leƙowa daga ciki. Ja na wuraren da aka ce mugu ba zai kai rabin kwanakinsa ba. Baƙi na wuraren da bayin Allah ke kuka cewa mugaye na tsufa suna ƙiba, ko shanunsu ba sa ɓari.

"Sarkin da ya fi kowa mugunta a ciki shekara hamsin da biyar ya yi yana mulki," in ji shi. "Jikansa na kirki kuwa kibiya ta same shi bai cika arba'in ba. Ke da kika yi boko mai nisa, warware mini."



Ana haka tsohon Gwamna ya rasu yana da shekara casa'in da uku, a kujerarsa, bayan ya karya kumallo. A zamaninsa aka kama ƙanin Kawu, malamin makaranta, saboda wata takardar koke da ya rubuta. Ya mutu a tsare, ba a ba da gawarsa ba. Kawu ya yi wa gari duka dutse, ban da ƙaninsa.

Babban ɗan Gwamnan ya kawo dutsen kabarin ubansa shagon tare da Fasto, don babu mai hannun Kawu a garin. Ayar da suka zaɓa ita ce mai cewa babu mai mulki sai wanda Allah ya naɗa.

Kawu ya buɗe wani shafi. "Fasto, a nan kuma Ubangiji da bakinsa ya ce sun naɗa sarakuna ba da yardarsa ba. Wanne ke nan? Ya naɗa, ko bai naɗa ba?"

"Haba Dattijo. Ƙyalewa daban, yarda daban. Hukunci kuma yana nan gaba."

"Gaban nan dai ya ƙi isowa. Ko kotunmu da ke ɗage shari'a don alƙali na mura ta fi shi sauri."

Ɗan Gwamna ya yi kamar yana duba waya. Suka bar dutsen suka tafi.

Kwana tara dutsen yana jingine a bango. Inna, matar Kawu, kullum ta kawo abincin rana sai ta harare shi. "Malam, in ka taɓa wannan abin, da wane ido za ka dubi 'ya'yan ƙaninka?"

A rana ta goma Kawu ya kwantar da shi a kan benci. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba. Sunan Gwamna ya fito daidai misali, amma ayar ya yi mata manyan baƙaƙe masu zurfi, har yatsa na shigewa, ya cika su da ruwan zinariya. Daga bakin titi ana karanta ta.

Inna ta ajiye kwano da ƙarfi. "Ka yi masa, har da ado!"

"Ba shi na yi wa ba," in ji Kawu yana goge hannu. "Shekara talatin ina neman wanda zan tambaya ina aka kai yaron nan. 'Yan sanda sun ce umarni ne daga sama. Gwamna ya tafi bai ce uffan ba. Yanzu iyalinsa sun kawo mini a rubuce sunan wanda ya ɗauki Gwamnan aiki."

"Ka ji tsoron Allah, Malam."

"Ina ji. Shi ya sa ban ƙara ko baƙi ɗaya ba, maganarsa ce. In shi ya naɗa, ranar da muka haɗu ya nuna mini kabarin ƙanina. In kuma ba shi ba ne, ga dutse nan ana yi masa ƙage a bainar jama'a, sai ya sauko ya goge."

Ya jawo kwanon ya buɗe, ya ce in miƙo masa cokali.