Ƙurajen Gonar Mama Keziah

Ka taɓa ganin an ce wa mutum cuta ta shiga gonarsa, sannan mai faɗin ya ƙara da yi masa barka? Ni na gani, a gonar Mama Keziah da ke kan hanyar Mahuta, tafiyar minti ashirin da biyar daga Zuru idan mutum bai tsaya gaisuwa ba.

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Shekararta hamsin da shida. A aji uku ta bar firamare, ta auri wani soja mai suna Philemon, ta haifa masa 'ya'ya biyar, babbarsu Monica, ta binne shi shekara tara da suka wuce. Da yarensu na C'lela take faɗa, da Hausa take ciniki da waƙar zumuntar mata a coci. Gonar da take ci da ita ba tata ba ce. Ta gidan mijinta ce, kuma wan mijin, Baba Philip, shi ke da ta cewa a kanta. Kunya sittin da biyu ce, kowace kunya taku casa'in. Na auna da ƙafata.

Masara take zuba mata duk shekara, masarar kuma tana ja da baya: buhu tara, bakwai, shida. Ni kuwa awara nake soyawa, mudu shida na waken suya nake jiƙawa kullum. Sai na dame ta da cewa ta gwada waken bana. Sau goma sha ɗaya na yi mata maganar kafin ta yarda. Malamin gona, wani Malam Mode, ya ba matan ƙungiyarsu wani baƙin gari kamar na gawayi, ya ce a yayyafa wa iri ruwan ƙaro, a cuɗa shi da garin a inuwa, a shuka a ranar. Ta yi yadda aka ce.

A watan Agusta wake ya fara fure. Tana cire ciyawa sai ta tumɓuke guda ɗaya bisa kuskure, ta ga saiwar cike da wasu ƙuraje kamar ƙwayar dawa. Ta tumɓuke na biyu, haka. Na uku, haka. Ta ƙulle su a bakin zane ta kawo mini.

"Asiya, kira mini malamin nan."

Na kira, na sa wayar a amsa-kuwwa. Layin yana tsinkewa yana dawowa. Abin da muka ji daga bakin Malam Mode shi ne: "Madalla, Mama, barka! Ƙwayoyin cuta na, waɗanda ke cikin garin ga da munka ba ku. Sun kama ke nan..." Sai layin ya mutu. Na sake kira sau bakwai, shiru.

Muka dubi juna.

"Cuta ya ce?"

"Haka na ji, Mama."

"Kuma barka ya ce?"

"Shi ma na ji."

Kafin azahar magana ta kai kunnen Baba Philip, domin gonarsa ta dawa tana manne da tata. Ya zo da sandarsa, bai ko zauna ba.

"Maman Monica, ƙasar ubanmu kika shuka wa cuta da hannunki? Ranar Asabar a tuge waken nan duka a ƙone. Baɗi kuma ki nemi wani wuri."

"Yaya, ni fa abin da aka ce na yi."

"Shi ya sa. Da ba ki yi ba ai da lafiya."

Laraba ce ranar. Kwana uku ke nan tsakaninta da rasa gonar, kuma ni na jawo. Washegari da safe na bar tukunyar awara na je ofishin su Malam Mode, na jira shi awa biyu da minti goma, ban bar wurin ba sai da ya tada babur.

A bakin gona muka tarar da Mama Keziah da Baba Philip. Malam Mode ya haƙo wake ɗaya da fartanya, ya wanke saiwar a kududdufi, ya tsinke ƙurji guda ya fasa shi da farce. Cikinsa ja.

Baba Philip ya ja da baya taku biyu. "Ga shi nan. Har ya fara jini."

"Ba jini ba na, Baba. Jan ga shi ke nuna suna aiki. Da fari ko kore munka gani, sai in ce sun yi lalaci."

"Su wa?"

"Ƙwayoyin cutar."

"To ai ka sake faɗi da bakinka."

Malam Mode ya share goshi. Ya ce sunan ne kawai haka, wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma Hausa ta haɗa masu cutarwa da masu amfani ta ba su suna ɗaya. Waɗannan, in ji shi, gida suka yi a saiwar wake. Waken yana ci da su, su kuma suna kamo iska suna mayar masa da ita taki.

"Iska?" Baba Philip ya dubi Mama Keziah. "Kin ji? Cutar ba ta isa ba, har da iskoki aka ajiye mana a gona."

"Iskar shaƙa, Baba, wagga da ke kaɗa rigarka. Abin da ke cikin takin yuriya da kake saye, naitirojin, shi ya fi komi yawa cikinta. Shuka ce ba ta iya kamo shi da kanta."

"Da taki muke numfashi ke nan?"

Ni kaina a nan na ɓace. Malam Mode ya gwada ta wata hanya, ya ce ko nonon da matan Fulani ke kawowa kasuwa, irin waɗannan halittun ne ke sa ya yi tsami. Baba Philip ya ce to daga yau ya bar shan nono.

Mama Keziah ta ɗan matsa gefe. Tana tsaye tana kallon ƙarshen gonar. Can ta ce, "Ni ban gane ko ɗaya ba. Amma garin bai ishe ni ba. Kunya biyar na ƙarshe, iri zalla na zuba. Ku dube su."

Muka juya. Kunya biyar ɗin nan ganyensu ya koɗe ya yi fatsi-fatsi, sun tsaya a gwiwa. Sauran hamsin da bakwai kore shar, sun kusa cinya.

Ban jira kowa ba, na karɓi fartanya. Na haƙo goma a can, goma a nan, na shimfiɗa su a kan buhu na hau ƙirga. Koɗaɗɗun: ƙuraje arba'in da ɗaya gaba ɗaya, biyu ma babu ko ɗaya a jikinsu. Korayen: ɗari uku da sha takwas. Baba Philip ya ce in sake. Na sake, ya fito ɗari uku da sha bakwai, domin ɗaya ya faɗi a ƙasa.

Ya tsuguna ya daɗe yana juya saiwoyin da bakin sanda.

"Wato mai cutar shi ne mai lafiya."

"Haka na, Baba."

"Wanda ba shi da cuta kuma shi ne ke ciwo."

"Haka na."

"Ban yarda da maganarka ba, Malam. Amma ina da ido." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Maman Monica, ki bar wakenki. Gonar ma ki riƙe. Sai dai kada kowa ya taka nan ya wuce cikin dawata bai wanke takalmi ba."

Malam Mode ya buɗe baki, Mama Keziah ta harare shi, ya rufe. Abin da ya samu ya faɗa kawai shi ne idan an zo girbi a yanke waken a bar saiwa a ƙasa, masarar baɗi za ta ci abin da ya rage. Ta tambaye shi ko ita ma masarar za ta kamu. Ya ce a'a. Ta ce to ta yaya za ta warke? Ya hau babur ɗinsa.

Har yau ban san yadda abin da ido ba ya gani yake kama iska a ƙarƙashin ƙasa ba. Amma idan kana da waken suya, ko gyaɗa, ko wake, don Allah ka gwada da zarar sun fara fure. Kada ka fizge, haƙowa za ka yi. Ka wanke saiwar, ka murza ƙurjin da yatsa. Idan ya ɓalle, nasu ne; idan saiwar ce da kanta ta kumbura, Malam Mode ya ce wannan ciwo ne na gaske. Ka fasa guda biyar ka duba launin cikinsu, sannan ka ƙirga sauran.