Hammajoda, Wanda Ya Mayar wa Tsoho da "Ba"

Kafin masu keke su cika kasuwar Wunti da oda, Malam Hammajoda ya buɗe 'yar rumfarsa da ke tsakanin teloli, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sukudireba da buroshi kamar wanzami zai yi aski. Gyaran laftof yake yi tun lokacin da sai manyan sakatariya ke riƙe ta. Ga shi da wani hali mai ƙure haƙuri: ba ya kwance na'ura sai mai ita ya zauna ya yi rubutu a gabansa. Wai kibod, allon haruffan nan, ba ya lalacewa shi kaɗai, da hannun mai shi a ciki. Masu sauri kan yi tsaki su tafi, shi kuwa ko a jikinsa.

Yanzu ido ya fara gajiya, yana shirin komawa Zungur wajen 'yan shanunsa. Kafin ya naɗe ƙyallen, ya kamata a ji abin da ya yi wa gidan Alhaji Ɗanlarai.

Alhaji tsohon mai buga tafireta ne. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa, ta bar masa hannun hagu da kai mai rawa, wanda ba a gane e ko a'a da shi. Laftof ɗin 'yarsa A'i ta zama bakinsa. To amma hannun da ya saba da tafireta bai san lallaɓawa ba, duka yake yi. A hankali kibod ya saki, tsakiyarsa na lotsawa kamar tsohuwar katifa.

Sai aka fara ganin abin mamaki. A kawo kunu, Alhaji ya buga "a na so", a ƙaro masa, ya ture kofi. 'Yan gida suka ce rikicin tsufa ne. Babban ɗansa Mansir ya ga gara ya ɗauke shi zuwa Abuja, kusa da likitoci. Aka tambaye shi, ya buga "a na so", hawaye na zuba. Aka ce kukan daɗi ne, aka hau haɗa kaya.

A'i ce ta tsargu, ranar da ya rubuta sunan marigayiya mahaifiyarsu Bintu ya fito "intu". Ta rungumi laftof sai Wunti.

Hammajoda ya ce ba zai taɓa ba sai ya ga hannun. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya bi ta gida, ya durƙusa ya gaida Alhaji, sannan ya zuba wa yatsan ido. Duk lokacin da yatsan ya sauka kan harafin B, allon sai ya lotsa ya shanye bugun. Mansir ya ce a sayo sabuwa kawai, a huta.

"Yallaɓai, hannunsa ya haddace wannan," in ji Hammajoda. "Mutum ba ya sake baki da tsufa."

Nan kan tabarma ya kwance laftof ɗin. 'Yan haƙoran robar da ke riƙe allon sun karye, notin da ke ɗaure shi ta ƙasa ya ɓace. Bai zuba gam ya kashe maganar ba, kamar yadda 'yan ci-da-sauri ke yi. Ya samo noti daidai ramin, ya shimfiɗa siririn salatif mai manne ciki da waje, ya sa ɗan fallen roba a ƙarƙashin tsakiya don ya ɗauki dukan tafireta. Ya danna ko'ina da babban yatsa, ko motsi. Ya tura wa Alhaji.

Tsohon ya ɗaga yatsa, ya doka, A'i na karantawa.

"Ba na so. Ba ni zuwa ko'ina. Bintu a nan take kwance."

Mansir ya zauna daɓas a kan akwatin da ya ɗaure da hannunsa, ya ce, "Baba, ka yafe mana." Alhaji ya ƙara bugawa cewa kunun ma ba ya so. Wallahi gidan nan an yi kuka, an yi dariya, duk a zama ɗaya.

Kai ne, Hammajoda, mai duba hannu kafin ƙarfe. Kai ne ka bar masu jira a bakin rumfa saboda harafi ɗaya, ka koma ka ba su haƙuri ba ka gaya musu dalili ba. Da A'i ba ta baza labarin ba, da babu mai ji.

Mun gode, ɗan Fulanin Wunti. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya albarkaci garkenka. Ku kuma masu rumfunan gyara da za ku gaje shi, ku riƙa ɗaga kai ku dubi wanda ya kawo aikin. Alhaji Ɗanlarai yana nan a ɗakinsa har yau, yana dukan laftof son ransa, yana cewa "ba" ana jin sa.