Jajayen Ɗigo Uku a Cikin Hulata

In dai ina da rai da hankalina, ba zan manta da wata Asabar da muka yi a Abuja ni da mahaifinmu ba. Shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Mu 'yan Potiskum ne, a Dogo Tebo gidanmu yake. Baba dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. Ni ne ɗan fari, malamin makaranta, lissafi nake koyarwa, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Kullum da jan biro a aljihun gaban rigata, har ɗalibai suna cewa wai ko a masallaci ba na rabuwa da shi. Baba ba ya kama sunana, Malam yake ce mini, amma da wata irin murya da ba ka iya gane yabo ne ko zolaya.

Autanmu shi ne matsalar gidan. A kara, wato kasuwar shanu, in an sallama sa, akan shafa masa fenti a gadon baya don a gane na wane ne idan an loda a tirela za a yi Kudu. Wannan aikin Baba ya ba Auta lokacin hutu, sai ya zama maimakon ya ja layi ɗaya ya wuce, sai ya tsaya yana zana wa sa fure a cinya. Daga nan abin ya kama shi. Ya gama karatu ya ƙi dawowa gida, ya maƙale a Abuja wai shi mai zane ne. Baba kuwa girma ya fara kama shi, yana son wanda zai riƙe masa sanda a kara, ni kuma an daɗe da sallama ni, don ko akuya ban iya tayawa ba.

Da Auta ya bugo waya ya ce an karɓi zanensa guda uku a wani gidan baje kolin zane-zane, sai Baba ya yanke magana. Ya ce zai je ya gani da idonsa. In mutane na son kayan, ya sa masa albarka ya ci gaba. In kuwa kwantai ne, ya tattaro komatsansa su dawo tare, Laraba, ranar kasuwa, ta same shi a kara. Duk gidan mun san Baba ba ya magana biyu.

Ni aka ɗora wa rakiya, wai ni ne ɗan boko. Tun daga tasha har muka wuce Bauchi ina yi wa Baba lacca. Kada ya taɓa komai, kada ya ɗaga murya, kada ya taya kaya. Yana ta cin goronsa yana cewa, "To, Malam. Na ji, Malam." Ni da ban taɓa taka irin wurin nan ba, amma ka rantse a can aka yanke mini cibi.

Washegari da hantsi muka isa gidan baje kolin. Gini ne fari tas, ga sanyin na'ura, ga ƙasa tana ɗaukar ido. Baba na zuwa bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, sai da mai gadi ya roƙe shi ya mayar. Auta ya tarbe mu yana ta rawar jiki, ya durƙusa ya gaida Baba, kafin mu gama gaisawa sai matar da ke kula da wurin ta kira shi sama, wai wasu baƙi na son ganinsa. Ya ce mana nasa suna can ƙarshen zauren, mu fara zagayawa yana zuwa.

Baba ya fara zagaye irin na kasuwa, hannu a baya, ba gaggawa. Ya tsaya gaban wani ƙaton allo da ba komai a kansa sai shuɗi da ruwan ɗorawa a cakuɗe, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, sannan ya ce mini a hankali, "Malam, wannan an gama shi, ko fentin ne ya kife?" Na ce masa ai ma'ana ce mai zurfi. Ya ce, "To, Allah ya ba mu tsawon guga." Ya matsa gaba, yana leƙa gefen kowane allo kamar mai duba haƙoran dabba.

Ni kuwa hankalina na kan na Auta, sai na sulale na yi gaba don in fara gani. Na same su a jere. Ɗaya tireloli ne a bakin kara da sassafe, ɗaya mata masu tallar nono, na tsakiya kuma wani jan sa ne mai dogayen ƙahoni, ɗaya ya guntule a tsini. Wallahi sun yi kyau, har na ji ƙirjina ya cika. Sai idona ya sauka kan 'yar takardar da ke gefen kowanne, mai ɗauke da sunansa. A jikin kowace an manna wani ɗan jan ɗigo, zagayayye, bai wuce ƙwayar magani ba.

Na waiga na duba na sauran mutane. Manyan allunan nan masu firam ɗin ruwan zinariya, yawancinsu ba ja ko ɗaya. Namu kuwa uku ne, kuma duka ukun an dangwala musu. Jama'a, ni malamin makaranta ne. A duniyata ja abu ɗaya yake nufi, kuma ja uku a jere ai maimaita aji ne. Nan take na gama lissafina: alƙalan wurin sun duba aikin yaron nan sun kayar da shi, shi kuma kunya ta hana shi faɗa mana. Na hango Baba yana tahowa, saura allo biyar ko shida ya iso. Na ce a raina, ƙanena ba zai koma kara a kan idona ba.

Na duba hagu, na duba dama, na sa farce na ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Na rasa inda zan jefa, don ƙasar wurin ko tsinke ya faɗi sai an gani. Sai na cire hulata na manna su a ciki, na mayar na daidaita. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya ceci rai.

Baba ya iso daidai lokacin da Auta ya sauko. Ya tsaya gaban jan san nan, ya daɗe yana ƙare masa kallo. Can ya nuna da haɓa ya ce, "Wannan ai san nan ne da na ƙi sayarwa shekarar da aka yi ruwa da yawa. Ga guntun ƙahonsa. Har tabon igiyar wuyansa ka sa." Muryarsa ta yi laushi yadda ban taɓa ji ba. Sannan ya sunkuya ya dubi 'yar takardar gefe, ya dubi ta biyu, ya dubi ta uku. Ya koma baya ya dubi na wani da ke da jan ɗigo, ya dawo.

Ya ce, "Auta, kwana nawa da buɗe kasuwar nan?"

"Yau kwana uku, Baba."

"Kwana uku. Na zagaya, na ga waɗanda aka sallama an shafa musu ja. Naka ba ko ɗaya." Ya yi ajiyar zuciya. "Hannunka na da kyau, ban raina ba. Amma dabbar da ta kwana uku a kasuwa ba a shafa mata ba, gida take komawa. Ka haɗa kayanka."

Sai a lokacin Auta ya dubi bangon. Na ga fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Ashe tun ranar farko aka saye duka ukun, ya ɓoye ne don Baba ya gani da idonsa. Yanzu ya duba ba ja, sai ya ɗauka masu sayen ne suka fasa. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce, "To, Baba."

Ni kuwa ina tsaye, hula ta yi mini nauyin dutsen niƙa. Ba zan ɓoye muku ba, ban tona kaina nan take ba. Zuciyata ta ce, kai, ka bari a fita waje tukuna ka san dabarar da za ka yi. Sai ga matar nan ta iso, ta dubi bango ta dafe ƙirji, ta hau kiran ma'aikata da Turanci tana cewa a je a duba kyamara. Na dubi Auta yana share ido da bakin hannun riga. Na ce, "Baba, a dakata." Na cire hular na miƙa.

Biyu suna ciki. Na ukun aka shiga nema, har Auta ya ce, "Yaya, ɗan sunkuyo." Yana nan ɗaram a tsakiyar sanƙona.

Matar ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe bango. Mai gadi ya leƙo, ya koma yana tuntsira. Na shiga bayani ina in'ina, cewa na ɗauka faɗuwa ce, ai ja a makaranta kaza da kaza. Baba bai yi dariya ba, ya bar ni na kai aya. Sannan ya ce, "Malam, kai wanda ya faɗi kake shafa wa ja. Mu wanda ya shiga muke shafa wa. Tun daga Potiskum kake koya mini zaman wurin nan, ashe kara ce aka sa wa sanyi."

Ya karɓi hular, ya ɓare ɗigon nan biyu da kansa. Ya manna ɗaya a gefen tirelolin, ya zo kan jan sa ya manna ɗayan, ya danna da babban yatsa sosai, yadda yake dafa bayan dabba in ya sallama. Ya juya ga Auta ya ce, "Zauna ka yi sana'arka. Allah ya yi maka albarka." Auta ya zube ƙasa ya kama ƙafafunsa yana kuka, mutane suna kallo, Baba yana cewa tashi, tashi, kada ka ɓata musu daɓe.

Na kai hannu zan cire wanda ke kaina, sai Baba ya riƙe mini hannu. A lokacin ban yi aure ba, kuma maganar ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya ce, "A'a, bar wannan. Hajiyar nan ta kawo wani ta sa wa masu nono. Wannan kayan ya fi kwana uku a kasuwa, bari mu gani ko Allah zai kawo mai ɗauka."

Yau Baba ya daina zuwa kara, ɗan ƙaninsa ne ya karɓi sandar, Auta kuma yana can yana zanensa. Amma duk ranar da Baba ya same ni a zaure ina duba takardun jarrabawa da jan birona, sai ya tsaya ya leƙa ya ce, "Malam, kasuwa ta yi kyau ke nan, duk ka sayar da su?"

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in ka shiga kasuwar da ba taka ba, ka tambaya kafin ka kai hannu. Saura ƙiris in rushe wa ƙanena rayuwarsa, kuma ba da ƙiyayya ba, da ƙauna da farce ɗaya. Tsohon da na yi ta jin kunyar shiga da shi, shi ne ya karanta bangon daidai. Tun daga ranar, ko ɗalibi zan sa wa ja, sai na sake duba takardar sau biyu.