Maɗaci a Bakin Leda

Da na dawo Dutsin-Ma daga karatu a ƙasar waje, ban yarda da yawan labarin tamowa da nake ji ba. Mahaifina hatsi yake sayarwa, buhuna na tashi ina tsallakewa, ga madatsar ruwan Zobe ana noman rani. Na ɗauka sakacin iyaye ne. Da wannan tunanin na je Birchi gaida gwaggona, ita kuwa ta nuna mini wani gida da haɓa.

"Ga gidan marowaciyar unguwarmu can. Inna Lauratu. Ɗaki take rufewa ta ba jikarta abinci."

Washegari na yi sallama a gidan. Na tarar da tsohuwa siririya tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai a gindin rumbu, da yarinya goye a bayanta.

"Ke ce ɗiyar Alhaji mai karatu? An aiko ki ganin marowaciya ne?" Ta turo mini tabarma da ƙafa. "Zauna, kallo kyauta ne."

Yarinyar sunanta Mubina. Uwarta Fatu, ɗiyar Inna Lauratu, ta rasu wajen haihuwar ƙanin Mubina, a hanya, kafin mota ta kai su asibiti. Jaririn ma bai zauna ba. Aka kawo Mubina wajen kakarta a gidan ɗanta Dalhatu, inda yara suka riga suka yi wa tukunya yawa. Da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai yarinyar ta daina ci. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja.

A Kurfi malamar asibiti ta auna dantsenta, ma'aunin ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Sai da aka kwantar da ita kumburin ya saɓe, sannan aka sallame su da 'yan ledojin maganin tamowa, mai kama da tunkuza mai zaƙi. Malamar ta ce na Mubina ne ita kaɗai.

"Ita faɗa ta yi," in ji Inna Lauratu. "Ke kin taɓa ganin gidan da yaro zai ci abu, 'yan'uwansa na tsaye, a ce ba a lakato musu ba?"

Haka aka yi ta lakatowa. Ledojin suka ƙare kafin ranar komawa, aka sake awo, Mubina na nan a kan ja. A layin asibiti ranar ne Inna Lauratu ta ji cewa yaron da suka kwanta gado kusa da gado ya rasu.

Da ta dawo gida sai ta tuna dabarar yaye, yadda ake shafa wa nono ɗaci don yaro ya haƙura. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci, ta shafe bakin wata leda, ta tara jikokin.

"Na ce, ku zo ku lasa, an canza shi, yanzu magani ne. Babban ya lasa ya tofar, sauran suka watse. Abinci ake rabawa, ɗiyar nan. Magani ba mai roƙo."

Yara sun yarda, manya ba su yarda ba. Matar Dalhatu ta daina yi mata magana sai gaisuwa. Wata maƙwabciya ta shigo neman leda ɗaya don ɗanta ya rame. Inna Lauratu ta ce ta kai shi Kurfi a auna shi, har ta ce za ta raka ta. Matar ta fita tana tafa hannu. Daga ranar kwanukan tuwon da maƙwabta ke aiko mata da yamma suka daina zuwa, nata ma in ta aika sai ya dawo a rufe yadda ya tafi. Tsofaffin da suke haɗa hannu da ita a akushi ɗaya suka koma wata inuwar.

Ba ta kushe kowa ba. Ta ce su ma yunwar ce a gidajensu, kuma da ita aka yi wa haka da ta ji haushi.

Muna cikin magana Mubina ta farka. Inna Lauratu ta sauke ta, ta ɗaga hannun rigarta ta nuna mini dantsen. A awon ƙarshe ya bar ja. Har yanzu yatsuna biyu za su iya zagaye shi.

Da zan tashi na tambaye ta, "Inna, in ta warke, kina ganin kwanukan za su dawo?"

Ta dubi ƙofar gida.

"Wannan ban sani ba. Amma jiya ina cin tuwona ni kaɗai, sai na ji hannu a cikin kwanon. Na duba, nata ne."