Muryar Yaya Bawa da aka goge

Shekara hamsin ke nan da rasuwar yayana Bawa, amma ko yau na ji kiɗa mai zurfin amo sai in ajiye abin da ke hannuna.

Mu 'ya'yan masunta ne daga Bahindi. Yaya Bawa ya tsallaka Dahome yana saurayi, ya kai har Kwatano, inda ya faɗa cikin makaɗan jaz, wani salon kiɗan Amurka, na wani otal. Can ya koyi bas, wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa a ja tsirkiyarsa da yatsu. Ranar da ya kawo shi gida, babanmu ya zagaya shi ya ce, "Wanga jirgi ba ya shiga ruwa?"

A shekarar 'yancin kai wani Bature ya nemi ya ɗauki kiɗansa a faifai, shi kaɗai, ba ganga ba kakaki. Amininsa Ɗan'ige, wanda suka tashi gida ɗaya kuma yake aiki a gidan rediyo, ya hana shi. Ya ce yanzu ƙasa tamu ce, abin gida ya zauna gida. Yaya ya yarda. Ɗan'ige ya ɗauke shi a tef, ya rantse zai adana.

Bayan 'yan shekaru hannun Yaya na dama ya shanye. Da ciwo ya tsananta, ya roƙe ni in je in karɓo tef ɗin, ya ji kansa ko sau ɗaya. Na yi doguwar tafiya na sami Ɗan'ige a sabon ofis.

"Ƙanwata, an ɗora jawabin minista bisa shi," in ji shi. "Manya sunka buƙata, sai na goge kiɗan, mi kika so in yi?"

Da na koma na faɗa wa Yaya, tambaya ɗaya ya yi: "Shi da hannunai?" Na ce i. Ya juya fuskarsa bango. Da ɗan gari akan ci gari.

An ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Ni dai ban gani ba. Ɗan'ige ya tsufa cikin girma.

Yau jikokina kan kunna mini makaɗan bas na ƙasashen waje a waya, kowa shi kaɗai, har numfashinsu ana ji. Da Yaya na nan, na san zai yaba musu, ba shi da hassada. Ni ce na kasa.

Abin da ya rage na kiɗansa yana cikin kaina. Nakan gwada rera wa yaran, amma muryata ba ta sauka inda tasa tsirkiyar take sauka. Allah ya jiƙan Yaya.