Ludayin da Ba Shi da Suna

Ƙanshin balila ne ya dawo mini da ita ranar Juma'ar nan, dafaffiyar dawa da wake, irin wadda Kaka take sadaka da ita a ƙauyenmu na Hausawa kusa da garin Sinja, can gabas cikin Larabawa.

Ba ta zuba ludayi ba tare da suna ba. Tana ɗebowa, tururi na dukan fuskarta, sai ta kira sunan mamaci ta ce, "Wannan na ubana ne. Wannan na uwarsa, wadda ta haihu a hanyar Makka. Wannan na wanda ya taso da su daga yamma." Haka take bi har tukunya ta ƙare. Mu kuwa idonmu na kan kwano, muna jefa amin tun ba ta rufe baki ba.

Wata rana ta riƙe mini hannu, tafinta da kaushi saboda tsinkar auduga. "Jikalle, ki riƙe sunayen nan. Ni ce kaɗai na rage da su a baki."

Na ce, "Sai wata Juma'a, Kaka."

Yanzu ɗiyata ce ke son tattara asalinmu. Ta kunna waya tana ɗaukar muryata, ta ce mini da Larabci, "Inna, faɗi kamar yadda Kaka take faɗi."

Na jawo tukunyar balilar da na dafa, na zuba na Kaka, na zuba na ubanta. Daga nan bakina ya mutu, tukunya kuwa a cike.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Ya kai ladan sauran ga masu shi, tun da Shi bai manta sunayensu ba.