Zoɓon da Ya Zama Ruwan Kududdufi

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku.

Duk sanda ƙamshin dafaffen zoɓo ya buge ni, kakata nake tunawa. A ƙauyenmu, can wajen Dutsi, bayan girbi sai ta ƙona karan gero, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji, ruwan toka yana ɗiga a kasko. Ina 'yar shekara bakwai, ranar sunan ƙanena, rawar kai ta sa na ɗebi ruwan tokar nan na zuba a zoɓon baƙi. Nan take jan ya gudu, ya koma kamar ruwan kududdufi. Kakata ba ta dake ni ba. Ta ɗauko jiƙon tsamiya ta tsiyaya kaɗan kaɗan, jan ya dawo. Na tambaye ta dalili, ta ce toka da tsami ba sa ga maciji, in kuma daina tambaya.

Ban yi boko ba. Jikata ce ta yi. Bayan an kawo shari'a da 'yan shekaru, tana makarantar horon malamai, aka turo ta firamaren garinmu gwajin koyar da kimiyya. Malamin da ke duba su ya zo daga Daura, ya ce littafi kawai take karantawa, yara na gyangyaɗi. Zai dawo sau ɗaya tak. Ubanta kuwa ya ce in ta faɗi, karatu ya ƙare.

Sai ta zaunar da ni a tabarma, wai ni ce ajin. Ta yi ta zuba bayanin wata takarda mai sauya launi idan ta taɓa abu mai tsami.

"Kaka, kin gane?"

"Na gane ke ma ba ki gane ba. Kin taɓa ganin takardar?"

Ta sunkuyar da kai. Zanenta kawai ta gani a littafi.

Na ce ta ɗora zoɓo. Na sake yi mata ɓarnar da na yi ina yarinya, na kuma gyara. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta ce in ba ta ludayin.

Ranar da malamin ya dawo, kowane yaro da abin da ya kawo: kanwa, lemon tsami, sabulu, tsamiya. Kafin a zuba kowanne a zoɓo, sai jikata ta ce su canki launin da zai fito. Suka yi ta musu, har malamin ya shiga, shi ma bai canka daidai ba.

Kakata ta riga mu gidan gaskiya tun tuni. Malamin ya yi ritaya, yana kiwon tumaki. Uban jikata yanzu shi ke yi mata noman zoɓo. Jikata ta ci gwajin, yau ita ke horar da malamai, kuma ba ta hana kowa tambaya. Tambayar da na yi ina da shekara bakwai, ita ta ba ni amsarta, na haura sittin.